Dutsen Laoshan na Ƙasar Sin: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin mutanenmu da ke zuwa ƙasar Sin, saninsu bai wuce Guangzhou da Yiwu ba: kasuwa, otal, wurin loda kwantena, sai filin jirgi. Wanda harka ko karatu ya kai shi birnin Qingdao kuwa, da wuya ya kwana biyu ba a tambaye shi ko ya hau Laoshan ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan dutse, da abin da ya sawwaƙa na amsa.

A ina dutsen yake, kuma yaya ake faɗin sunansa?

Yana lardin Shandong a gabashin ƙasar, kimanin kilomita 30 gabas da tsakiyar birnin Qingdao, a bakin tekun da ake kira Rawayan Teku. "Shan" a harshensu dutse ke nan, saboda haka Laoshan na nufin Dutsen Lao. Sunan birnin kuwa, harafin Q ɗin nan kamar C namu ake furta shi. Ka ce "Cingdao", direban tasi zai gane ka.

Ko ba ka taɓa jin sunan garin ba, mai yiwuwa kayansa na cikin ɗakinka. Kamfanonin Haier da Hisense, masu firji da talabijin, a Qingdao hedkwatarsu take.

Tsayinsa nawa ne da har ake ta zuzuta shi?

Ƙololuwarsa, wadda ake kira Jufeng, mita 1,132.7 ce. Mutumin Jos zai yi dariya, don garinsu ma ya ɗara haka tsayi daga saman teku. Bambancin shi ne Laoshan daga bakin ruwa ya miƙe. Kana tsaye igiyar ruwa na dukan duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ɗaga kai ka ga dutse ya tafi sama har ya shige cikin hazo. A duk tsawon gaɓar tekun ƙasar Sin babu dutsen bakin teku da ya kai shi tsayi.

A Shandong akwai wanda ya fi shi, wato Taishan, mai sama da mita 1,500, inda sarakunan da suke zuwa yin hadaya. Amma mutanen yankin na da wata tsohuwar magana cewa Taishan ko ya taɓo gajimare, bai kai Lao na tekun gabas ba. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Dutsen irin mai taurin nan ne da ake kira giranit, wanda ya samu tun kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Iska da ruwa sun sassaƙe shi, sun bar manyan ƙwallaye a ɗore kan juna kamar an jera da hannu, itatuwa na fitowa ta tsagoginsu.

Mene ne addinin Dao da ake dangantawa da wurin?

"Dao" na nufin hanya. Tushen koyarwar ana jingina shi ga wani dattijo mai suna Laozi, da ƙaramin littafinsa Daodejing mai babi 81, wanda haruffansa ba su wuce kimanin 5,000 ba. Jigon maganarsa shi ne mutum ya bi yadda halitta ke tafiya, ya rage kwaɗayi da ƙarfa-ƙarfa, ya zama kamar ruwa, wanda ke gangarawa ƙasa-ƙasa ba ya jayayya da kowa amma yana huda dutse.

Wannan ɓangaren tunani ke nan. Daga baya, tun wajen shekara ta 142 Miladiyya, abin ya zama addini mai gidajen bauta da malamai da gumaka da bukukuwa. A yau yana cikin addinai biyar da gwamnatin Sin ta amince da su, tare da addinin Buddha da Musulunci da Katolika da Furotesta. Manyan rassansa biyu ne. 'Yan Zhengyi suna aure, suna zama cikin jama'a. 'Yan Quanzhen ba sa aure, ba sa cin nama, a gidajen bauta suke zama. Su ne za ka gani a Laoshan, sanye da riguna shuɗi masu duhu, gashi a naɗe a tsakar ka da tsinke a soke.

Me ya sa suka zaɓi wannan dutse?

Saboda teku. Mutanen da a wannan yanki sun yi imani cewa can cikin tekun gabas akwai tsibirai na waɗanda ba sa mutuwa, kuma a wurinsu ake samun maganin dawwama. Wanda ya taɓa tsayawa a Laoshan da sassafe, ya ga yadda ƙananan tsibirai ke bayyana su ɓace cikin hazo, zai gane inda wannan tunani ya samo asali.

Sarkin da ya fara haɗa kan ƙasar Sin, Qin Shi Huang, ya ɗauki maganar da gaske. A shekara ta 219 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya tura wani boka mai suna Xu Fu da jiragen ruwa da samari da 'yan mata masu yawa su nemo masa maganin. Xu Fu ya dawo hannu rabbana, ya kawo uzuri, aka sake tura shi, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sarkin ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yana da shekara 49. Akwai wani ɗan tsibiri kusa da Laoshan da ke ɗauke da sunan Xu Fu har yau, mutanen wurin na cewa daga nan ya tashi. Tura shi da aka yi yana rubuce a tarihi. Inda ya tashi kuwa, garuruwa da dama na bakin tekun suna cewa nasu ne.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Qiu Chuji, ɗan Shandong, babban malamin ɗariƙar Quanzhen, wanda ya ziyarci Laoshan fiye da sau ɗaya, kuma baitocinsa na nan a sassaƙe a jikin duwatsun. Genghis Khan, sarkin Mongol da ya girgiza duniya, ya aika a kira shi. Tsoho ya haura shekara 70 ya kama hanya, ya isa sansanin sarkin a 1222 a yankin da yake Afghanistan a yau. Sarki ya tambaye shi wane maganin rashin mutuwa ya kawo masa. Ya ce akwai hanyoyin kiyaye lafiya, amma maganin mutuwa babu. Faɗa wa Genghis Khan haka ido da ido ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce. Maimakon a sare masa kai, sai sarkin ya girmama shi, ya ɗauke wa mabiyansa haraji. Daga nan ɗariƙar ta bunƙasa a arewacin Sin, Laoshan kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinta. Ana cewa a lokacin ganiyarsa akwai manyan gidajen bauta tara, matsakaita takwas, da ƙanana 72.

Wane wuri ne bai kamata a rasa ba?

Taiqing. Shi ne gidan bauta mafi girma da tsufa a dutsen, yana cikin wani lungu, dutse ya kare shi ta fuska uku, teku a gabansa. Saboda iskar arewa ba ta samunsa, har itatuwan kudancin ƙasar suna yi a wurin, gora da sauransu. Al'adar gidan na cewa wani mai suna Zhang Lianfu ne ya kafa shi a shekara ta 140 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan ya ajiye muƙami ya zo ya gina bukka. An faɗaɗa shi a farkon daular Song, wajen 960, amma gine-ginen da ido ke gani yanzu na ƙarnukan baya-baya ne, an sha gyara su, musamman bayan ɓarnar da aka yi wa wuraren ibada a lokacin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976.

Ni a wurina ba ginin ne abin kallo ba, itatuwan ne. Akwai wata bishiya mai ganye kamar allura da ake cewa ta haura shekara 2,100, ana danganta dasa ta ga shi wanda ya kafa gidan. Gindinta ya tsage, wata kurangar fure ta nannaɗe ta har sama, wata bishiyar daban ta tsiro a jikinta. Na daɗe tsaye a ƙarƙashinta. Wata tsohuwa ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan shingen da aka kewaye ta da shi, ta rufe ido, jikanta na jan rigarta yana nuna mai sayar da masara dafaffiya. Gaba kaɗan akwai wata tsohuwar bishiya ta zamanin daular Tang da ta karkace, suna ce mata kan dodo, da wani marmaro da suke kira ruwan alfarma, wanda ake cewa ba ya ƙafewa da fari, ba ya ambaliya da damina.

A bayan gidan an kafa wani ƙaton mutum-mutumin Laozi a 'yan shekarun nan, ana hango shi daga nesa. Ban ga dacewarsa ba. Mutumin da duk koyarwarsa ƙanƙan da kai ce, an mayar da shi abin da ya fi komai girma a kwarin. Amma 'yan hoto suna son sa.

An ce akwai labarin mutumin da ya koyi ratsa bango a wurin. Gaskiya ne?

Tatsuniya ce, kuma ita ta sa kowane yaro a Sin ya san sunan Laoshan. Pu Songling, marubuci ɗan Shandong da ya rayu daga 1640 zuwa 1715, shi ya rubuta ta. Wani ɗan gata mai suna Wang ya ji ana cewa akwai masu siddabaru a dutsen, ya je ya ce a koya masa. Malamin ya dube shi ya ce da wuya ka jure. Aka miƙa masa gatari, kullum itace. Bayan wata guda hannu ya yi kanta, ko harafi ba a koya masa ba. Wani dare ya ga malamin ya yanka takarda da'ira ya manna a bango ta zama wata, ɗaki ya haskaka, sai ya ƙara haƙuri. Da wani watan ya wuce ya ce shi kam gida zai koma, amma a taimaka masa da ko abu ɗaya, kada ya koma haka. Ya zaɓi ratsa bango. Aka koya masa, ya gwada ya wuce, malamin ya gargaɗe shi da ya tsarkake niyya. Yana isa gida ya kira matarsa ta zo ta ga ikon Allah, ya ja da baya, ya sheƙo da gudu. Bango ya karɓe shi. Ya tashi da ƙulu kamar ƙwai a goshi, matar na dariya, shi yana zagin malamin.

Masu yi wa baƙi jagora a Taiqing suna nuna wani bango su ce shi ne. Za ka ga manya da gemunsu suna jingina goshi a jiki ana ɗaukar su hoto.

'Yan Dao kaɗai ne a dutsen?

A'a, akwai mabiya Buddha, kuma zaman bai rasa tsama ba. A shekara ta 412 wani malaminsu mai suna Faxian, wanda ya bar Sin a ƙafa tun 399 ya tafi Indiya neman littattafai, yana dawowa ta teku guguwa ta kauce da jirginsu. Guangzhou suka nufa, suka tsinci kansu a gindin Laoshan, ruwan sha ya kusa ƙare musu. Ya rubuta cewa ganyayen miya da ya gani a bakin gaɓa ne suka tabbatar masa ƙasarsu ce.

Rigimar kuwa ta zo a ƙarshen ƙarni na 16. Gidan Taiqing ya lalace a lokacin, sai wani shahararren malamin Buddha, Hanshan Deqing, wanda mahaifiyar sarki ke mara wa baya, ya gina nasa gidan bautar mai suna Haiyin a filin. Wani ɗan Dao mai suna Geng Yilan ya ƙi yarda, ya yi ta kai ƙara har fadar Beijing. Shari'ar fili ce sak irin wadda kowa ya sani, sai dai ta haɗu da rikicin cikin gidan sarauta tsakanin sarki da mahaifiyarsa. A 1595 aka kama Hanshan aka kore shi zuwa can kudu, a 1600 aka rushe ginin nasa, aka maido wa 'yan Dao wurinsu, sarki ya ba su kyautar cikakken tarin littattafan addininsu. Kufan Haiyin na nan a gaban Taiqing da allon dutse a kai, yawancin baƙi suna wucewa ba su lura ba. Gidan Buddha da ya rage a tsaye shi ne Huayan, na ƙarni na 17, a gefen gabas.

Kwana nawa ake buƙata, kuma ta ina ake farawa?

Kuskuren da baƙo ke yi shi ne ɗaukar Laoshan wuri guda. Yankuna ne daban-daban, kowanne da ƙofarsa, tsakaninsu tafiyar mota ce. Mai kwana ɗaya ya ɗauki hanyar bakin teku: Taiqing da safe, sannan Yangkou da rana. A Yangkou akwai gidan bauta na Taiping, da dutsen da suke kira Zaki, da wani kogo mai suna Mitian da ake hawa ta cikinsa a duhu, wani wurin sai da rarrafe. Mai ƙiba ko mai tsoron matsi ya bi ta waje, ba abin kunya ba ne.

Mai kwana biyu ya ƙara Jufeng. Akwai keken igiya mai tafiya a sama da ke rage hanya, amma duk da haka matakala ce ba iyaka, gwiwa za ta faɗa maka gaskiya washegari. Ainihin ƙololuwar ba a buɗe take ga baƙi ba, ana tsayawa ne a wani tsauni kusa da ita mai suna Lingqi. Sai Beijiushui a arewa, kwari ne da rafi ke lanƙwasa a ciki, da tafkuna masu ruwa garai-garai da ruwa mai zubowa daga bisa a ƙarshensa. Ba a ganin teku a can, amma ya fi sauƙi ga mai yara ko tsofaffi.

Daga cikin gari, layin jirgin ƙasa na 4 yana ƙarewa a Dahedong, inda babbar cibiyar baƙi take, daga nan motocin hukumar wurin ke ɗaukar mutane. Layin Oceantec Valley kuma, wanda a da ake kira na 11, yana da tasha ta Beijiushui. Ka riƙe fasfo ɗinka, da shi ake yankar tikiti, kuma ka tabbata manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat na aiki a wayarka, don takardar kuɗi ta zama baƙuwa a can.

Wane lokaci ya fi kyau?

Satumba da Oktoba, sama garau, zafi ya sauka. Amma ka guji makon farko na Oktoba kamar yadda kake gudun wuta, hutun ƙasa ne, matakala kan cika har ba ka ganin inda za ka taka. Haka farkon Mayu. Daga bazara zuwa Yuli hazo ne ke mulki. Ni na taɓa hawa Jufeng a irin wannan lokaci, na biya kuɗi, na sha wahala, abin da na gani bai wuce bayan rigar wanda ke gabana ba. Yuli da Agusta ruwan sama ne, lokacin Beijiushui ke cika ya yi kyau. Hunturu akwai sanyi mai shiga ƙashi da iska, a sama har da ƙanƙara.

Musulmi zai iya shiga irin waɗannan wurare? Abinci da salla fa?

Hukuncin shiga, wannan na malamai ne, ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa. Abin da zan iya faɗa shi ne babu mai tilasta maka komai. Mafi yawan masu zuwa 'yan kallo ne. Masu bauta suna kunna turaren tsinke su rusuna, kai kana iya tsayawa a tsakar gida ka kalli itatuwa da gini ka wuce. In an miƙo maka turare, girgiza kai da murmushi ya isa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, Jufeng da Beijiushui duwatsu ne da ruwa, ya isa yawon buɗe ido ba tare da ya taka ƙofar gidan bauta ba. In ka shiga, a tsallake dokin ƙofa ba a taka shi, ba a ɗaga murya, kuma ba a ɗaukar hoto a cikin ɗakunan bauta.

Abinci yana son lura. Girkin Shandong akwai naman alade da kitsensa, kuma sukan zuba giyar girki ko a kifi. A cikin gari ka nemi shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin Sin, galibi da koren allo da rubutun Larabci, kalmar halal a wurinsu ita ce "qingzhen". A kan dutse ka tafi da guzurinka, ko ka tsaya ga dafaffen ƙwai da masara da 'ya'yan itace. Akwai masallaci a cikin birnin Qingdao, a dutsen babu, sai ka sami gefe mai tsabta. Kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. A nan alƙibla yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa, wato a mafi yawan gaɓar teku na bayanka ko gefenka.

Me ake sayowa tsaraba?

Ganyen shayi. Asali shayi amfanin kudancin Sin ne, sai a 1959 aka fara gwada dasa shi a Laoshan, ya kuwa karɓa. Sanyi na sa ganyen girma a hankali, ya yi kauri, ɗanɗanonsa ya yi kama da gasasshen wake. A ƙauyukan gefen teku za ka ga gonakinsa hawa-hawa a ƙarƙashin gidaje masu jan rufi. Ba irin namu ba ne na madara da sukari, tsurarsa ake sha, kuma ba a zuba masa ruwa mai tafasa sosai, yana ƙona shi ya yi ɗaci. Ka ɗanɗana kafin ka saya, ka kuma yi ciniki, don ba duk abin da aka rubuta wa Laoshan ne ya fito daga Laoshan ba.

Sai ruwan kwalba mai sunan dutsen, wanda tarihinsa ke komawa zamanin da Jamusawa suka riƙe Qingdao, daga 1898 zuwa 1914. Su ne kuma, tare da wasu Turawan Ingila, suka kafa kamfanin giyar Tsingtao a 1903, wadda aka daɗe ana tallata ta da sunan ruwan Laoshan. Akwai wani nau'in ruwan kwalbar mai gas da ake haɗawa da wani ganyen magani, wanda su kansu Sinawa ke sa shi cikin abubuwan sha mafi wuyar haɗiya a ƙasar. Abokin tafiyata ya sayo mini kwalba ɗaya yana ta dariya tun kafin in buɗe. Na kurɓa sau biyu, sauran na bar masa.